Baba Nuhu, Wanda Ya Hana Gwaggo Rakiya Shara

Kafin jirgin safe ya yi kuka a tasha, Baba Nuhu ya riga ya haye gada. Daga Makera yake tasowa bayan sallar asuba, a ƙasa, da lauje a hammata da ɓarin goro a kumatu. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Masu koko na bakin hanya da wucewarsa suke gane lokaci. Shekara talatin da ɗaya yana wannan tafiya.

A ƙetaren kogi, a unguwar Turawa, aikinsa gadina ne. Can yake wuni kan furannin da irinsu ke zuwa daga Ingila cikin 'yan ambulan masu hoto. Ya ba su ruwa da safe, ya ba su da yamma. Ya yi musu rumfa da zana kada rana ta ƙona su, in damina ta yi nisa kuma ya ɗaga musu kunya kada ruwa ya ruɓar da su. Ya yi ta faɗa da gara. Duk da haka bazara na zuwa rabinsu su mutu, a sake aiko da wani ambulan. Na taɓa tambayarsa ko bai gaji ba. Ya ce, "Ai ni ba gadina ba ne, ɗana, ɗan jinya ne. Baƙi nake jinya."

Da la'asar sakaliya yake dawowa, kuma ba ya dawowa hannu rabbana. Amma ban taɓa ganin ya riƙo furen Bature ko ɗaya ba. Reshen shuwaka ne, ko sandar aduruku, ko ɗaurin jema da ya tono a fadamar bakin kogi, ko 'ya'yan zogale cikin hula. Kafin ya kai ƙofar gidansa ya rabar.

Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji da gada. Turawan suka sallame shi da takardar yabo da sabuwar butar ban-ruwa, koriya, mai dogon hanci. A wannan gefen kogin kuwa, inda ya yi aikin da ya fi wancan, ko takardar ba mai ba shi. Shi ya sa na rubuta wannan. Ni ba mai yawan magana ba ne. Na gama makaranta, ina zaman jiran aiki, zaman jira kuwa yana sa mutum ya ga abin da masu sauri ba sa gani.

Wanda ya san Kakuri shekara biyar baya ba zai gane ta yau ba. Tun da aka fara ginin masaƙa mutane ke kwararowa, daga Kano, daga Katsina, daga Inugu da Anacha. Kowa ya sami fili sai ya sare duk abin da ya tarar a kai, ya ƙone, ya kafa ɗaki. Sai rana ta fara dukan ƙeyarsa ya tuna da inuwa. Leburori ne da teloli da makanikai, masu fita da safe su dawo a gajiye. Da yawansu ba su taɓa dasa ko tsinke ba, ba su kuma da lokacin jinya.

Su ne mutanen Baba Nuhu. Ba ya tambayar mutum garinsu ko addininsa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Akwai awaki a layinku?" In akwai, ya ce a kewaye da bini-da-zugu, akuya ba ta taɓa shi. Mai son miya ya ba ta zogale da shuwaka. Mai son inuwa ya ba shi sandar cediya, amma sai ya auna taku ashirin daga bango da ƙafarsa, don saiwar cediya ba ta jin kunyar gini. Yakan sare gindin sandar a karkace, kada baƙo ya soka ta kai ƙasa. Sa'an nan ya faɗi maganarsa, wadda duk Kakuri an haddace: "Ka soka bayan ruwa na uku. Ka ba shi ruwa kwana bakwai. Daga nan ka juya masa baya. Ɗan gida ne, ya san hanyar rijiya."

Madam Celina, 'yar Anacha mai sayar da busasshen kifi kusa da tasha, shaida ce. Da ta zo, wani fure ta shuka cikin gwangwanin kananzir, tana jido masa ruwa kamar mai renon jariri. Sau biyu yana mutuwa. Wata rana Baba Nuhu ya miƙo mata wani reshe ta kan danga. Ta juya shi, ta gatsa ganye ɗaya da ya rage a jiki, sai ta ƙwala ihu.

"Onugbu! Baba, wannan onugbu ne! Ni ina aikawa har gida a kawo mini, ashe yana nan bayan gari?"

Ya ce, "Mu nan shuwaka muke ce mata, Madam. Tana nan tun ba a haifi jirgin ƙasa ba."

Yau shuwakar ta fi Celina tsawo, matan layinsu duka a nan suke tsinkar miya.

Amma labarin da nake so a sani na Gwaggo Rakiya ne. A nan na ga abin da ciyawa take iyawa, na kuma ga haƙurin mutumin.

Gwaggo Rakiya Bakanuwa ce, tsohuwa, mai tuyar ƙosai a bakin layinmu. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu shekara takwas ke nan. Abin da ya bar mata ɗaki ɗaya ne da madafa, ginin ƙasa, shi ya ɗora tubalinsa da hannunsa a ranakun hutu. Ba ta da ɗa a raye. Akwai ɗan ƙaninta a Kano da ke aiko mata saƙo duk sallah cewa ta komo, ya ware mata lungu a gidansa. Amsarta ba ta canzawa: "Ku gaya masa ina gidana."

Gidan kuwa a ƙarshen layi yake, inda ƙasa ta fara gangarawa rafi. Da can ba matsala. Da sababbin gidaje masu rufin kwano suka cika sama da ita, ruwan da ƙasa ke shanyewa sai ya taru ya bi hanya ɗaya, ta bayan ɗakinta. Farkon daminar alif ɗari tara da hamsin da shida ya yanka ɗan kwari da mutum zai iya tsallakewa. Kafin daminar ta fita kwarin ya kai ƙugu, tsakaninsa da bangonta taku shida.

Ga kuma tsintsiya. Duk Kakuri ba mai shara irin ta Gwaggo Rakiya. Safe da yamma, ciki da waje, har bayan ɗaki inda ba mai gani. Ciyawa ba ta kwana biyu a gidanta. Ƙasar ta zama kamar daɓe, sai ka shanya tsaba a kai. Haka uwarta ta koya mata: gidan da ciyawa ta fito, ko na ƙazama ne ko masu shi sun mutu. Sharar shekara da shekaru ta kankare ƙasar har gindin bangon ya fito fili, kamar haƙoran tsoho da dasashi ya janye.

Baba Nuhu Bazazzage ne, don haka tsakaninsa da ita akwai wasan nan na Kanawa da Zage-zagi, ba sa gaisawa sai da tsokana. Wata Lahadi da safe, farkon daminar bara, ya tsaya sayen ƙosai. Ya leƙa bayan ɗakin, ya daɗe yana kallo. Ina kan benci, a kunnena aka yi.

Ya ce, "Bakanuwa, ɗakin nan naki yana shirin zuwa rafi wanka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, bawan gidanmu. Ɗakin da Malam ya gina? Ku a Zariya kun taɓa ganin gini irinsa?"

"Ginin ba shi da laifi. Tsintsiyarki ce."

Ta ajiye matsami. "Tsintsiyata?"

"A Kano ruwa baƙunci yake zuwa, ya gaisa ya wuce. Nan Kaduna zama yake zuwa yi, wata shida cur. Kin tuɓe wa ƙasa riga kin tsayar da ita gaban ruwa. Me kike so ta yi?"

"To in bar gidana ya zama daji kamar na Zage-zagi? Macizai su tare? Duba-gari ya zo ya rubuta ni, a ce Rakiya ƙazama ce?"

"Ba daji ba. Layi biyu na jema, a gicciye. Shi ke nan."

"Ciyawa?"

"Ciyawa."

"Allah ya shirye ka, Bazazzage. Karɓi ƙosanka."

Ga wanda bai santa ba, jema ciyawar fadama ce. A sama ba ta da wani kyan gani. Aikinta a ƙasa yake. Saiwarta ba ta yawo gefe, nutsawa take yi can ƙasa ta cukuikuye kamar raga. In aka jera ta kusa da kusa, ruwa ya zo a guje sai ya ci birki, ya tace ta tsakaninta, ya bar ƙasar da ya ɗauko a bayanta. Ba ta neman taki, ba ta bazuwa cikin gida, in rani ya yi ta yi likimo kamar ta mutu, ruwan farko ta farka.

Mako uku ya yi yana tsayawa a wurinta duk yamma. Daga ƙarshe ta ce ya je ya yi, don ta huta da bakinsa. Ya jera layi biyu a bayan ɗakin, tsakanin tushe da tushe faɗin yatsu huɗu. Ya soka sandunan aduruku a leɓen kwarin. Da ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce, "Saura abu ɗaya. Ba ni tsintsiyar."

Ta yi dariya har da tafi, ta miƙa masa. Ya tafi da ita a hammata yana ƙasaita kamar wanda ya ciwo yaƙi. Abin da bai sani ba, tsintsiyar Gwaggo Rakiya uku ce.

Ba mugunta ta yi ba. So ne. Duk ruwan da aka yi, jemar takan tare ganye da tsinke da laka, aikin da aka sa ta ke nan. Gwaggo ta fito ta ga datti a gindin shukarta, ranta ya ɓaci, ta durƙusa ta share tsaf. Da tushen jemar suka fara kauri kuma, sai ta ga sun matsu. 'Yar manoman gero ce, ta san shuka in ta yi cunkoso ba ta albarka. Ta bi layin tana cire ɗaya tana barin ɗaya, don su sha iska. Baba Nuhu bai gani ba. Ya bi ƙa'idarsa, bayan kwana bakwai ya juya baya.

Wata Laraba cikin Agusta, da azahar, hadari ya taso daga gabas. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa biyu ba sassauci. Ya gangaro ya tarar da ƙofofin da aka buɗe masa a layin jemar. Ya kwashe fiye da rabin layin, ya ci taku uku na ƙasa. Kusurwar madafa ta zauna cikin kwari, da murhu da tukunya biyu. Bangon ɗakin kwana ya tsage daga taga zuwa ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga.

Da ruwa ya ɗauke maƙwabta suka taru. Kowa ya duba ya girgiza kai. Aka ce wannan ɗaki ba zai ga wata damina ba, gara a sanar da Kano. Aka ce in ɗauko takarda, tunda ni ne ɗan boko. Gwaggo Rakiya tana zaune kan turmi, zanenta jiƙe, ta ce, "Rubuta." Na rubuta gaisuwa. Na rubuta ina yara, ina ruwa. Na ɗaga kai ina jiran sauran.

A haka Baba Nuhu ya iso daga aiki, taɓo har ƙwauri. Ya zagaya baya, ya tsuguna, ya sa yatsunsa cikin giɓin da ke tsakanin tushen da suka rage.

Baba, a nan na san kai wane ne. Ka ga giɓin, ka ga sawun tsintsiya a inda rufi ya kare ƙasa daga ruwa. Ka gane komai. Duk wanda ke wurin jira yake ka ce ai na faɗa. Da ni ne da na ce. Kai ne mutumin da ya ga tsohuwa ta riga ta faɗi, ya ƙi ɗora mata ko tsinke.

Ya miƙe ya ce, "Laifina ne. Na hana ki shara, ban gaya miki dattin nan shi ne abincinta ba. Na kuma manta ku Kanawa komai gero ne a wurinku."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Nuhu." Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar. "Zai tsaya?"

"Allah ke tsayarwa. Amma taso ki ga wani abu."

A ƙarshen layin jemar akwai tarin itacen girkinta, jingine da bango. Bayan itacen akwai tushe bakwai ko takwas da hannunta bai kai gare su ba. Suna nan a matse, kafaɗa da kafaɗa, ruwa ya kwantar da kansu amma bai tumɓuke ko ɗaya ba. A bayansu laka ta taru tudu guda, da ganye da ƙaiƙayi da duk abin da take kira datti. Ƙasar wurin ko tsagewa ba ta yi ba.

Ya ce, "Nan ne inda tsintsiyarki ba ta kai ba."

Ta daɗe tana kallo. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsintsiya biyu, ta ajiye a gabansa.

"Ba saura, Bakanuwa?"

"Rantsuwa kake so, bawan gidanmu?" Sai ta juyo gare ni. "Kai ɗan boko, naɗe takardar nan."

"In yaga, Gwaggo?"

"A'a. Ajiye. Mu ga damina mai zuwa."

Na ajiye ta cikin littafin lissafina na makaranta. Shekara guda da wata biyu ta yi a can.

Yamma huɗu a jere Baba Nuhu yana sauka fadama daga wurin aiki, ya hau da dami a ka, mutum mai shekara sittin da wani abu. Maza suka jido duwatsu aka zuba cikin kwarin, mata suka kwaɓa ƙasa aka liƙe tsagar. Wannan karon layi huɗu ya jera. Ya kuma karya ƙa'idarsa, bai juya baya ba. Duk yamma sai ya leƙa. Ya ce ba jemar yake gadi ba, Bakanuwa yake gadi.

Abin da take tsoro kuwa ya zo. Cikin Oktoba Malam Nicholas duba-gari ya shigo layinmu da farar hularsa da dogon ludayinsa na leƙa randa. Baba Nuhu yana ƙetaren kogi. Malam Nicholas ya duba randa, ya duba masai, ya zagaya baya, ya tsaya cak.

"Mama! Ke ce? Gidan da nake kawo mutane su ga tsabta? Wannan daji fa?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ba daji ba ne, Malam. Harsashin gini ne. Buɗa ka gani, in ka sami ruwa kwance ko cokali ɗaya, rubuta ni."

Ya buɗa da ludayinsa. Ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, an aske su daidai gwiwa, sun miƙe kamar 'yan fareti. Ya leƙa kwarin, inda da ruwa ke kwanciya sauro ya yi ƙwai. Ya rufe littafinsa bai rubuta komai ba.

"Mama, wa ya dasa miki?"

"Wani bawanmu ne, Bazazzage."

"Ki ce masa ni ma bayan gidana yana tafiya."

Daminar bana kowa ya ga yadda ta yi. Katanga uku ta kayar a layinmu. Ɗakin Gwaggo Rakiya yana tsaye. Jemar ta haɗe ta zama bango, ba ka iya zura hannu. Ƙasar da ruwa ya sato daga gidajen sama duk a bayan ɗakinta ya sauke ta, har wurin ya zama dandamali. Taku ukun nan sun koma biyar. Rama da yakuwa sun fito a kai don kansu, ba wanda ya shuka, ba wanda ya ba su ruwa. Sandunan aduruku sun yi ganye. Baba Nuhu ya mayar mata da tsintsiya ɗaya bisa sharaɗi: gaba nata, baya na jema. Har yanzu tana shara safe da yamma. Sai dai in ta tara, ta kwashe a faifai ta zagaya ta juye a gindin ciyawar, tana cewa, "Ungo, ku ci."

Baba, kai ne ka nuna mana cewa abin da zai riƙe mutum a wuri, a wurin yake tun kafin ya zo. Kai ne jema mai aiki a ɓoye, ana kallon ganye ana raina ka. Shekara talatin da ɗaya ka yi kana jinyar furen da ba ya son ƙasar nan, sunanka bai fito a ko'ina ba. Amma inuwar da ake zama a ƙarƙashinta a Kakuri da Makera, da miyar da ake kaɗawa, da ɗakin wata tsohuwa a ƙarshen layi, duk daga hammatarka suka fito. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka ga inuwar abin da ka dasa ta yi faɗi.

Ku kuma sababbin zuwa, kafin ku sari abin da kuka tarar a filinku, ku tambayi sunansa. Samari irina, masu takarda a hannu ba aiki, ku je ku koya. Yanzu yana gida wuni guda, a Makera, ƙarƙashin cediya. Za ku gane gidan da koriyar buta mai dogon hanci a bakin ƙofa. Da ita yake alwala. Ya ce ya duba duk gidansa bai ga mai jin ƙishi ba sai shi.

Juma'ar da ta wuce ya tako a hankali zuwa layinmu, da sanda. Gwaggo Rakiya ta hango shi, ta ce in ɗauko mata takardar nan. Na ɗauko. Ta warware ta, ta dubi rubutun da ba ta iya karantawa, ta tsamo ƙosai masu zafi ta zuba a kai, ta naɗe, ta miƙa masa.

Ya ce, "Yau kuma Kanawa sun koyi kyauta?"

Ta ce, "Karɓi ka ɓace mini, bawan gidanmu. Ina da shara."

Takardar ba ta je Kano ba. Makera ta tafi, mai ya jiƙe ta har gaisuwar ta goge.